Ƙwan Shaho a Dutsen Malam Barmo

Shekara uku da samun 'yancin kai, Attahir maginin rijiya ya zo wani ƙauye a kwarin Tarka don ya gyara tsohuwar rijiyar da ke gindin dutse. Ranar da ya fara ganin Balki, wata budurwar ƙauyen, ba shi take kallo ba. Ta aje tulunta, ta ɗaga kai sama, baki sake.

Shi ma ya ɗaga. Shaho biyu ne ke shawagi. Ƙaramin, wato namijin, ya taho da kurciya a ƙafa, ya sake ta. Macen ta juya rigingine a cikin iska ta cafe.

"Kullum haka yake yi mata in sanyi ya fara wucewa," in ji Balki. "Toshi ne."

"To ni da ba ni da fiffike fa, yaya zan yi?"

Sai a lokacin ta dube shi, ta rufe baki da mayafi tana dariya. Bawan Allah, aikin kwana goma sai da ya kai wata biyu.

Kowace la'asar sukan tsaya bakin rijiyar suna kallon tsuntsayen a bakin wani kogo can sama, su kuma tsuntsayen suna sunkuyar wa juna kai kamar surukai sun haɗu a hanya.

"Kurciyata," ya ce mata wata rana.

"Wai! Kana ganin abin da ake yi wa kurciya a nan? Sake wani sunan."

"To, Balkin Attahir."

Wannan kam ba ta ce a sake ba.

Matsalar ita ce mahaifinta, Malam Barmo, wanda gonarsa ke jikin dutsen. Yana da tantabaru da yake ji da su kamar 'ya'ya, shahunan nan kuma sun ɗauke masa goma sha ɗaya. Sidi, wani tsohon soja da shi ma ke neman Balki, ya ɗauki bindiga ya yi yini biyu a daji. Da shaho ya gagare shi, sai ya harbo shirwa ya kawo, ya ce ga ɓarawon. Tsoho ya jujjuya ta a hannu, ya aje ta gefe.

Da Attahir ya je gaisuwa, Malam Barmo ya ce, "Yaro, ban san halinka ba. Yau kana Tenhya, gobe kana Falanko. Amma tunda igiya ce sana'arka, sauka dutsen nan ka fasa mini ƙwansu. In ka yi, turo magabatanka."

Attahir ya amsa, yana fatan ba su yi ƙwai ba tukuna. Tun yana koyon aiki maigidansa ya gargaɗe shi cewa wanda ransa ke rataye a igiya ba ya ɓata gidan tsuntsun da ya tarar.

Da yamma goggon Balki, Indo, ta kawo masa 'yar takarda da ajami:

"Attahir, an ce ka yarda. In ka taɓa ƙwan nan, kada ka ƙara tsayawa inda na tsaya. In ka ƙi kuma, Baba zai hana ka ni. Na rasa addu'ar da zan yi. Balki."

Ya karanta sau uku.

Washegari da hantsi aka hau dutse. Malam Barmo da maza huɗu suka riƙe igiya, Attahir ya sauka har ya ɓace musu. A bakin kogon babu ciyawa babu kara, ɗan gurbi ne kawai da aka tona a tsakuwa, da ƙwai uku jajaye. Iyayen suka taso masa tare suna kuka, wannan ta sama, wannan ta gefe. Macen ta kai masa bugu, hularsa ta tafi ƙasa. Ya daɗe yana kallon ƙwan, sannan ya girgiza igiya aka jawo shi.

"Ka fasa?" in ji Malam Barmo.

Balki na tsaye nesa kaɗan, bayan goggonta. Attahir ya durƙusa, jini na bin kunnensa.

"Baba, ƙwai uku ne. Na gan su, ban taɓa ba. Ba zan iya ba. Ku gafarce ni."

Tsoho ya dube shi ya daɗe.

"Da ka ce ka fasa, wa zai sauka ya duba? Ni da gwiwar nan tawa?" Ya saki igiyar. "Wani ya kawo mini shirwa, yana zaton ban san shaho ba. Kai kuwa ka san abin da za ka rasa, ka faɗi gaskiya. Tashi a wanke maka kunne. Ka turo magabatanka ran Juma'a."

"Tantabarun fa, Baba?" in ji Balki.

"Mijinki zai gina musu ɗaki mai rufi. In an ƙara ɗaukar ko ɗaya, shi zan kama."

Bayan an yi shukar farko aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Barmo. Da liman ya shafa fatiha, tsoho ya kamo hannun ango ya riƙe gam, hawaye na sauka cikin gemunsa.

"Ita kaɗai gare ni, Attahir. Na ba ka, kuma hankalina kwance. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka."

Jama'a suka amsa da amin, guɗa ta tashi daga cikin gida.