Mutumin da Kaka Take Kira Malam

'Yar Kaka tana zaune a bakin gadon da babu kowa a kansa, tana ninke zannuwan marigayiya ɗaya bayan ɗaya. Sunan ya bi ta ne tun tana rarrafe, don iyayenta sun rasu da wuri, Kaka ce ta goya ta. 'Yan kwanaki ke nan da rasuwar tsohuwar, masu gaisuwa sun fara ja baya, amma ita bayanta bai daina ciwo ba. Shekara da shekaru tana ɗaga Kaka, ta yi mata wanka, ta juya ta, ta ba ta abinci a baki. Yanzu ga hutu ya samu, jikin ya manta yadda ake yinsa.

Goggo, babbar 'yar Kaka, ta shigo tana jan ƙafa.

"Ke, bar ninkin nan. Baffanki yana falo, ya sa an kira masa Kafinta."

'Yar Kaka ta ajiye zanen. "Goggo, maganar sa rana ce?"

"Wace rana? Cewa ya yi babu auren!"

Kafinta shi ne saurayin da ke da shago a tsallaken titi. An daɗe da yin magana, amma duk sanda aka matso da biki sai ta ce ba za ta iya barin Kaka ba. Abokansa har sun gaji da tsokanarsa, suna ce masa ya ƙera wa kansa kujerar jira mai laushi. Bai taɓa ɗaga mata murya ba. "Ba komai, ki gama da Kaka tukuna," shi ne kawai abin da yake cewa.

To Kakar ma ai ta cancanci a jira ta. Mijinta, wanda take kira Malam, ya rasu ya bar mata 'ya'ya shida, autan yana nono. Da wanki da guga ta raine su. Sai da yatsunta suka karkace saboda matsar kaya, bayan hannunta duk tabon dutsen guga ne, amma babu ɗanta da bai yi makaranta ba. Tana gamawa da 'ya'ya aka fara sauke mata jikoki. Da tsufa ya ci ƙarfinta sai hankalinta ya soma gushewa, har wata rana ta dubi Baffa, babban ɗanta, ta ce, "Yaro, ɗan gidan wa ne kai?" Tun daga wannan rana, zuwansa ya yi nisa. Kullum yana mitin, kullum aiki ya yi masa yawa.

A falo, Kafinta yana durƙushe a ƙasa, garin katako har a girarsa. Baffa yana tsaye, ya kasa zama don fushi. 'Yar Kaka ta raɓe a jikin ƙofa bayan Goggo.

"Jiya wata maƙwabciya ta ba ni labari, wai tana yabonka!" in ji Baffa. "Ashe kullum da yamma kana shigowa ɗakin uwarmu, tana kiranka Malam, kai kuma kana amsawa? Sunan ubana ka mayar abin wasa? Tsohuwar da ba ta cikin hayyacinta ka zauna kana yaudara, sannan in ɗauki 'yar ƙanena in ba ka?"

'Yar Kaka ta ce, "Baffa, don Allah, wallahi ba haka—"

"Ke rufe mini baki! Ai da saninki aka yi."

Hawaye suka zubo mata. Ko ƙarfin sharewa ba ta da shi. Duk jiran nan, duk haƙurin bawan Allahn nan, yau zai tashi a banza saboda alherin da ya yi.

Kafinta ya ce, "Baba, a yi haƙuri. Gaskiya ne na amsa. Ranar farko gyaran ƙafar gadonta na zo yi. Ta riƙe mini riga ta ce, 'Malam, ka dawo?' Na ce mata, 'Kaka, ni ne Kafinta.' Ta yi ta kuka, ranar ko ruwa ba ta sha ba. Washegari da ta sake kira sai na ce na'am. Ban taɓa ce mata ni ne shi ba, amma ban sake musa mata ba."

"To me kuke tattaunawa, kai da ita?"

Kafinta ya sunkuyar da kai. "Baba, gara a bar wannan."

"Faɗi mana!" in ji Goggo. "Ni ma ina son in ji."

Kafinta ya ɗago kai.

"Magana ɗaya ce, kullum ita take maimaitawa. Takan lissafo mini sunayenku, ku shida, har da waɗanda suka riga ta gidan gaskiya. Ta ce babba ya samu aiki, wance ta haihu, auta ya daina tarin nan. Sai ta nuna mini hannuwanta ta ce, 'Malam, ka ce in riƙe maka su, ga su nan na riƙe. Na yi daidai? Na gaji, Malam. In huta?'"



"Ni kuma sai in ce, 'Kin yi daidai. Kin yi har ya wuce. Ki huta.' Sai ta yi murmushi, ta karɓi abinci, ta yi barci. Gobe ta manta, ta sake tambaya, in sake faɗa mata."

Goggo ta zame ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da mayafi. Baffa ya lalubi kujera ya zauna.

"Ni ne babban," ya ce. "Ina tsaye a ɗakin ranar da Malam ya ce mata ta riƙe mu. Na girma a kan hannuwan nan, na ci, na sha, na zama mutum. Ban taɓa ce mata sannu kin gaji ba. Ko sau ɗaya!"

Kuka ya ƙwace masa, kukan babban mutum mai wuyar kallo. Ba wanda ya rarrashe shi, don duk wanda ke wurin yana da nasa.

Da ya samu numfashi sai ya dubi 'Yar Kaka, ya dube ta sosai, ya ga ramar wuyanta da yadda take dafe da ƙugu.

"Zo nan, 'yata."

Ta matso ta durƙusa.

"Uwata ta tafi ban faɗa mata ba, ke ba zan bari ki jira ba. Kin yi daidai. Kin gaji. Allah ya yi miki albarka." Ya juya ga Kafinta. "Kai kuma tashi daga ƙasan nan, ka yafe mini. Ka turo manyanka, duk ranar da suka zaɓa na amince."

Haka haƙurinsu ya yi rana. Amma Baffa, har ya tsufa, duk yaron da ya zo gaishe shi sai ya tambaye shi ko uwarsa tana da rai. In ya ce e, sai ya ce, "To me kake yi a nan? Tashi ka je ka ce mata sannu, tun tana gane muryarka."