Kawu Velaphi da Lamba Sha Bakwai

MaCele ta dire butar shayi a kan tebur da ƙarfi, sai da kofuna suka yi tsalle.

"Na faɗa maka ba na so, Khulekani! Duk 'yan matan Umlazi, ga malaman makaranta, ga nas-nas, ka rasa wadda za ka kwaso mini sai mai juya wa 'yan caca faifai a kasino?"

"Haba Mama, filis mana! Aiki ne kamar kowane aiki. Nokwazi ko rand ɗaya ba ta taɓa sakawa a caca ba."

"Rufe min baki! Ga kawunka nan tafe. Saura ka faɗa masa inda take aiki. Dattijon coci ne, zuciyarsa na iya bugawa!"

Kawu Velaphi, ƙanin MaCele, tsohon direban bas ne da ya yi ritaya, mai farin gemu da baƙar kwat. Tunda mahaifin Khulekani ya rasu, shi zai jagoranci masu zuwa gidan Gumede, iyayen Nokwazi, ranar Asabar don maganar shanun aure. Khulekani ya durƙusa ya miƙa masa ambulan da hannu biyu. Gumin shekara uku ne a ciki, na kanikanci a tashar jiragen ruwa, a bayan ambulan ɗin kuma ya rubuta: Shanun gidan Gumede.

"Kuɗin shanu shida ne, Kawu. Na san sha ɗaya za su nema."

"Bar mini wannan, ɗana."

"Ga hotonta a waya, saboda in sun jero 'yan mata ka gane ta."

Kawu ya ture wayar yana murmushi. "Ni da hoto? Yaro, ni rufe ido nake yi in gani. Zuciyata ba ta taɓa yi mini ƙarya ba."

MaCele ta raka shi bakin ƙofa, ta rage murya. "Velaphi, ka buɗe ido da kyau. Ko ɗan aibi kaɗan ka gani, ka dawo mini da kuɗin yaron nan."

Baiwar Allah! Da ta san wanda ta aika! Mu duk mutanen layin, dattijon coci muka sani. Ba mu san shekara biyu ke nan duk Talata da safe yake hawa motar da ke kwasar 'yan fansho zuwa wani kasino a bakin teku ba. Kuma shi bai ɗauki abin a matsayin caca ba sam. A wurinsa baiwa ce. Yakan zauna gaban faifan caca mai lambobi da ake kira rulet ya lumshe ido, ya ja numfashi sau uku, ya jira har wata lamba ta fito masa tar a cikin duhun idonsa. Sai ya ga kansa yana kwasar kuɗi, ya yi murmushi tun kafin ya ci, don a cewarsa sa'a ba ta zuwa wurin mai ɗaure fuska. Ranar da ya ci, baiwa ce ta yi aiki. Ranar da aka cinye shi, wani ne ya yi tari kusa da shi.

Ranar Juma'a da hantsi yana shayi a gida, sai sha bakwai ta fito masa, ja wur, tana walƙiya kamar fitilar bayan mota. Tsigar jikinsa ta tashi. Shanu shida? Shanu sha ɗaya zai kai gidan Gumede, har da canji! Ya sa ambulan a aljihun kwat ya fita.

Duk wanda ya taɓa shiga wurin nan ya san yadda yake kama mutum. Babu taga, babu agogo, fitilu dubu a sama, ƙasa da laushi kamar ana taka auduga. Kawu ya wuce ƙananan tebura ya nufi na manya. Mai juya faifan kuwa yarinyar da ya saba gani ce, wadda aka rubuta wa Portia a ƙirji. Portia sunan makarantar Nokwazi ne, da shi aka san ta a wurin aiki. Shekara biyu tana gaishe da wannan tsoho ba ta san ko waye ba.

"Baba, yau ba Talata ba ce fa," ta ce da fara'a.

"Yau ranata ce, 'yata. Na gan ta! Na gan ta da idon zuciya!"

Ta juya faifan, ta cilla 'yar farar ƙwallon da yatsu biyu. Kawu ya ɗora ambulan a kan tebur yana ƙoƙarin buɗewa. "Duka a kan sha bakwai. Yi maza!"

Idonta ya sauka a kan rubutun. Ko a mafarki ta san wannan rubutun mai karkata hagu. Shanun gidan Gumede. Gidansu ke nan, aurenta ke nan kwance a kan koren ƙyalle, a hannun wani tsoho mai rawar jiki.

Dokar aikin a fili take. Ba a taɓa kayan baƙo, ba a hana shi sakawa, ba a ba shi shawara, kuma kamara na kallon kowane yatsa. Da wannan albashin ƙannenta biyu suke makaranta. Duk ta tuna, amma ta ɗora tafin hannunta a kan ambulan ɗin ta danne.

"Baba," ta ce a hankali, "kuɗin nan ba naka ba ne. Auren wasu ne."

Ta shara ɗaya hannun a saman tebur. "An rufe sakawa!"

Ƙwallon ta rage gudu, ta yi tsalle ɗaya, ta yi biyu, ta ɗan yi kamar za ta faɗa wani gida, sannan ta zauna daram a gidan sha bakwai.

Wata tsohuwa ta dafe ƙirji. "Ubangiji! Ita ya faɗa! Na ji da kunnena!"

"Ninki talatin da biyar!" Kawu ya daka tsawa. "Kin cuce ni! Kin kashe ni, yarinya!"

Manaja ya iso da sauri. "Portia, ofis. Yanzun nan!"

Ita kanta ba ta taɓa ganin abu irin wannan ba. Amma ta juyo da hawaye a ido. "Baba, alfarma ɗaya. Ka tsaya ka gani sau goma, kada ka saka ko sisi. In ta sake fito maka daidai, ka tsine mini."

Da aka wuce da ita, fushin Kawu ya fara komawa tsoro. Ya manta sarai da rubutun bayan ambulan. Ta yaya yarinyar ta san auren wasu ne? Lallai tata baiwar ta fi tasa! Tsoron nan ne ya sa ya mayar da kuɗin aljihu, ya tsaya bayan kujeru ya lumshe ido.

Takwas ta fito masa, tar. Faifai ya ba da talatin da ɗaya. Ya sake. Ashirin da uku, ja wur, har da tashin tsigar jiki. Faifai ya ba da huɗu. Sau goma yana gani, sau goma yana jin tabbacin nan mai daɗi yana cika masa ƙirji, sau goma ƙwallon na zuwa inda ta ga dama. Babu wanda ya yi tari. Abin da ya fi girgiza shi, yadda ya ji a kan sha bakwai haka ya ji a kan sauran, ko bambancin gashi ɗaya babu. Ya fito waje rana na dukansa, ya zauna a kan benci yana kallon teku, hannunsa dafe da aljihu har la'asar.

Kafin yamma labari ya iso Umlazi cewa an sallami Nokwazi daga aiki. MaCele ta tafa hannu. "Ka gani ko? Wadda gidan caca ma ya kora! Sata ta yi, me zai sa a kore ta in ba sata ba?"

Khulekani ya garzaya ya same ta a bayan gidansu tana wanke tukwanen da za a yi wa baƙi girki, ido ya kumbura.

"Bebi, me ya faru? Mama cewa take sata kika yi!"

"Ban yi sata ba."

"To me kika yi? Faɗa mini in je in rufe bakin kowa!"

Ta riga ta gane ko wane ne tsohon. Kalma ɗaya za ta faɗa ta wanke kanta, amma kalmar za ta tsiraita dattijo a gaban yayarsa da cocinsa da yaron da ya ɗauke shi uba.

"Sori, Khulekani. Sirrin wani ne, ba nawa ba. In ka yarda da ni, ka yarda haka."

"Gobe ne fa, Nokwazi! Gobe!"

Ta ci gaba da dirzar tukunya, hawaye na ɗiga a cikin ruwan. Sai Khulekani ya naɗe hannun riga ya tsuguna ya ɗauki ɗaya tukunyar.

Da sassafen Asabar Kawu Velaphi da dattawa biyu suka tsaya a ƙofar gidan Gumede suna kirarin kakannin gidan, har aka ga dama aka buɗe musu. Aka ajiye abin buɗe baki, kuɗin da ake ba iyayen amarya kafin su fara magana, aka gaisa, aka ja magana. Can aka shigo da 'yan mata uku, kowacce da ɗankwali da bargo a kafaɗa, suka durƙusa kai a sunkuye.

"To, mutanen gidan Shezi," in ji baffan amarya, yana kiran su da sunan gidan su Khulekani, "kun ce kun ga fure a gidanmu. Wacce ce? Kun dai san tarar wanda ya nuna ba daidai ba."

Kawu ya lumshe ido kamar yadda ya saba. Nan take zuciya ta ce masa ta tsakiya, tar, ba shakka. Har ya fara ɗaga yatsa, sai hannun ya yi sanyi. Ya buɗe ido, ya duba a tsanake. Fuskoki a ɓoye suke, amma hannaye na kan gwiwa. Na yarinyar da ke gefen hagu dogayen yatsu ne, farce a yanke ƙasa-ƙasa. Shekara biyu yana kallon waɗannan yatsun suna cilla ƙwallo.

"Ɗago kanki, 'yata," ya ce.

Ta ɗago. Ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa, ta ce, "Sannu da zuwa, Baba," ta mayar da kai ƙasa.

Tsohon nan ya fashe da kuka a gaban surukai, kuka mai sauti. Mutanen gidan suka yi ta kallon juna da mamaki, ba su taɓa ganin mai neman aure ya so amarya haka ba. Ya ajiye ambulan, aka karɓi kuɗin shanu shida, aka ce saura sa biyo baya a hankali kamar yadda aka saba.

MaCele na bakin ƙofa tana jira. "Ina kuɗin? Ai ka ji ɓarauniya ce!"

"Zauna, Yaya. Kai ma zauna, Khulekani." Ya cire hularsa. "Akwai ɓarawo a maganar nan, amma ga shi a gabanku."

Ya faɗa musu komai, tun daga motar Talata har hannun da ya danne ambulan. Khulekani ya rufe fuska da tafukansa. Abin da ya fara fitowa daga bakin MaCele shi ne, "Kana nufin... lambar ta fito? Da ka ci fa ke nan!"

"Da na ci, Yaya. Kuma da Talata na koma da shi duka, har da kuɗin gidana, don babu mai sake iya gaya mini gaskiya a duniya."

"Kuma jiya ina kiranta ɓarauniya, maganar ta kai kunnenta, ba ta tona ka ba?"

"Ko yau da safe ba ta nuna ta san ni ba."

MaCele ta tashi. Ta buɗe akwatinta ta ciro sabon bargon da ta shekara goma tana ajiyar sa. Al'ada ba ta ce uwar ango ta taka gidan amarya a ranar ba, amma da idona na ga ta ratsa layi uku a ƙasa, da silifas, tana kuka. Ta sami Nokwazi a madafa, ta yafa mata bargon, ta riƙe hannayen nan biyu ta ɗora a fuskarta.

Aikin bai dawo ba, sai da Nokwazi ta yi wata biyar tana nema kafin ta samu wani. Aure kuwa an yi shi, Umlazi ta cika ta batse. Ku matasa masu karatu, ku riƙe wannan: kyakkyawan zato abu ne mai kyau, amma faifan caca ba shi da kunne, bai san abin da zuciyarka ta gani ba. Ku ajiye kyakkyawan zatonku ga mutane, kuma mai haƙurin da ya rufa asirin wani, ba zai taɓe ba.

A ranar biki an ba MaCele lasifika ta yi wa amarya nasiha, kamar yadda kowace uwar miji take yi. Ta kalli yarinyar, ta ce, "Ni ba ni da abin da zan koya mata." Ta miƙa lasifikar ta zauna.