Giram Sittin a Wutsiyar Jirgi

Jirgin bai yi minti ɗaya a sama ba ya ɗaga hanci kamar raƙumin da ya ƙi kaya, ya tsaya cak, sannan ya rikito cikin karan gero.



Wata bakwai mu biyar muna haɗa shi a jami'a a Yamai, ɗan jirgi marar matuƙi da zai riƙa ɗauko hoton gonakin Kurfai a ga inda tsuntsaye ke yi wa gero ɓarna. Shi ne aikin kammala karatunmu. Manzo ne shugaba, ni kuma Dijatu awo ne nawa. Na san nauyin kowace ƙusa da inda za ta zauna don kada baya ya rinjayi gaba.

"Wutsiya ta yi nauyi, kowa ya gani," in ji Kubura mai kula da kyamara. "Wa ka yin awo cikinmu?"

Kubura 'yar kawun Manzo ce, ita mahaifiyarsa Inna Habsa ke so ya aura. Ni kuwa Inna ta sha cewa macen da ke wuni da ƙusa da waya ba ta riƙe gida.

Manzo ya juyo a hankali.

"Dije... kin tabbata da lissahinki?"

"Sau ukku na auna, Manzo."

"Kowa na kuskure, masoyiya."

Wannan kalma ta fi faɗuwar jirgin yi mini ciwo. Da ya zage ni ma da ya fi.

Lokacin mulkin soja ne, da ƙyar muka samu izinin tashi na kwana biyu a bayan garin Filinge da ke ƙasar Kurfai, Asabar da Lahadi. Ka'idar malaminmu kuma sananniya ce: wanda sakacinsa ya karya jirgi a cire sunansa, ya maimaita shekara. Manzo ne zai rubuta sunan da hannunsa.

Muka kwashi jirgin zuwa zauren gidansu Manzo a cikin garin, inda muka bar shi ya kwana jiya. Sauran suka duƙufa kan fiffiken da ya karye, ni na ja wutsiya gefe na tsaga ta.

Wani abu ya faɗo a cinyata.

Laya ce, an ɗinke ta da jar fata, da ƙulli uku a baki. Irinta sak ke ɗaure a damtsen Manzo tun ranar da na san shi. Na ɗora ta a ma'auni, giram sittin cif.

Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta ce in jefa ta gaban Kubura in ga yadda bakinta zai mutu. Na daɗe ina juya ta a hannu, sannan na dunƙule ta na shiga cikin gida.

Inna na shiƙar gero a gindin bishiyar bedi. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Na ajiye layar a bakin tabarma.

"Wa ya ba ki izinin hidda ta?"

"Ita ta kada jirgin, Inna."

"Laya ba ta kada abu, yarinya. Tsarewa takai."

"Ba abin da ke cikinta ba ne, wurin da anka sa ta ne. Inna, in anka aza ma jaki mangala, gehe guda ya hi nauyi, mi ka hwaruwa?"

Faifan ya tsaya a hannunta. Wadda ta yi shekara talatin tana kai gero kasuwar Lahadi ba ta bukatar ƙarin bayani.

"Tun rasuwar ubanai, duk abin da za shi hawa sai na sa mai," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Keke, babur, duka."

"Wanga ba a hawa nai, Inna."

"Na sani. Amma zuciyatai na ciki."

Sai na ji fushina ya sauka gaba ɗaya, tausayinta ya kama ni.

"Kin hwaɗa mai?"

"A'a."

"Kubura ta ce sunanki za a cire."

"To sunan uwatai za ni kai ma malaminmu?"

Ta dube ni, karo na farko da ta dube ni sosai. Na ɗauki layar na ce mata akwai wuri a ƙarƙashin fiffike, daidai tsakiya, inda jirgi ke ɗaukar kaya bai ji ba, can zan mayar da ita.

Ranar Lahadi da hantsi muna fili, Manzo na ta kauce wa idona, takardar rahoto a aljihunsa. Sai ga Inna tafe da mayafinta, ta bar kasuwa.

"Manzo, kada ka rubuta sunan kowa. Ni na sa laya a wutsiya, da kunka tahi masallaci."

Kubura ta sunkuyar da kai tana gyaran kyamarar da ba abin da ya same ta.

Manzo ya matso, idonsa ya kaɗa.

"Dije, kin sani tun jiya, kinka yi shiru?"

"Na ce maka sau ukku na auna."

"Ki gahwarce ni... don Allah."

"Tashi jirginka tukuna."

Ya tayar da shi. Hanci ya miƙe sarai, ya haye saman gawo, ya yi kwana bisa gonaki ba ko tangaɗi. Ban san lokacin da Inna ta kama wuyan hannuna ba.

"Tana ciki?" ta tambaya, idonta a sama.

"Tana ciki, Inna."

Sai da jirgin ya sauka lafiya ta sake yin magana, kuma ba ta sake ni ba.

"Manzo, ran Juma'a baffanninka su kai goro gidansu ɗiyata Dije. Wadda ta san inda za ni zamna ban kada kowa ba, ita nika so gidana."