Wa Ya Kulle Wa Anti Hoto Kwamfuta?

Sufeto bai gama gutsurar burodinsa ba hayaniya ta cika kantar caji ofis. Wata doguwar mata ce da kyamara rataye a wuya, ta riƙo wani siririn mutum ta kwalar riga tana jan sa kamar akuyar da ta yi mata ɓarna.

"Yallaɓai, ga ɓarawo na kawo maka har ofis."

Sufeto ya san su duka biyun. Anti Hoto ce, mai studiyon da ke kusa da shataletale, wanda ta riƙo kuma Injiniya ne mai gyaran kwamfuta.

"Sake shi ya yi numfashi, Anti. Me ya sata?"

"Aikina kaf. Bidiyon wasannin makarantar firamare, wanda za a nuna wa iyaye yau da la'asar. Yana cikin kwamfuta, kwamfuta kuma ta ce ba ta san ni ba. Na buga kalmar sirrina har yatsuna sun gaji. In ban kai bidiyon nan ba hedimasta zai ba wani aikin, kuma wallahi aikin makarantar nan ne ke riƙe da studiyona."

"Me ya sa kike zargin sa?"

"Shi ya haɗa ta. Shi kaɗai ya san cikinta. Kuma makon jiya mun yi cacar baki."

Injiniya ya gyara kwalarsa. "Yallaɓai, cacar bakin a kan shayi ne. Na ce ta daina ajiye kofi a kan injin."

Sufeto ya dubi burodinsa da kewa, ya naɗe shi a takarda. Ya ce wa Kofur ya ɗauko hularsa su tafi.

Studiyon ɗaki biyu ne. A gaba akwai kanta da firam-firam na sayarwa, wani dattijo mai farin gemu yana zaune a bayanta ya harɗe hannuwa. A saman kansa, kan kanta ta sama, wani kofin azurfa ne sai ƙyalli yake.

"Kawuna ne," in ji Anti. "Shi ke kula mini da gaba."

"Sannu da aiki, Kawu. Kofin fa?"

Dattijon ya ɗan gyara zama. "Tseren iyaye, ɗana. A wasannin makarantar. Jikana ya ce sai na shiga, na kuwa shiga na ba samari kunya."

"Ka ga wani ya shiga ciki yau?"

"Ni ban ga kowa ba. Kuma ni da kwamfuta sai kallo daga nesa, ko kunna ta ban iya ba."

A ɗakin ciki Anti ta danna maɓallin kunnawa. Hotuna biyu manya suka fito a fuskar kwamfutar, da wani ɗan ƙarami a gefe.

Sufeto mutum ne mai buga rahoto da yatsa biyu, bai kuma taɓa ɓoye hakan ba. Ya ce, "Injiniya, yi mini bayani irin wanda za ka yi wa kakarka."

"Kwamfuta ɗaya ce, yallaɓai, amma ɗaki biyu na yi mata. In an kunna sai a zaɓa da linzami. Na dama na Anti ne, nan aikinta yake. Na hagu na maigidanta ne. Kowane da kalmar sirrinsa."

"Wannan ɗan ƙaramin fa?"

"Ƙofar gyara ce, mu rikobari muke ce mata. In mutum ya manta kalmarsa, ta nan ake bi a sa sabuwa. Wani ne ya bi ta nan ya canza ta Anti."

"Ka ji ko?" in ji Anti. "Da bakinsa."

"To Injiniya, kai ma bi ta nan ka mayar mata."

"Kada ya taɓa mini ita."

"Ina tsaye a kansa, Anti."

Injiniya ya zauna, ya danna ƙaramin hoton. Fuskar ta koma baƙa ƙirin da 'yan rubuce-rubuce farare. Ya jawo kibod ya fara bugawa, sai ya tsaya ya dafe goshi.

"Na sha'afa. Wannan kibod ɗin marar waya ne, ba ya aiki a nan. Sai an zaɓi ɗaki sannan yake farkawa. Dole sai mai waya. Nawa yana cikin jakata, ita kuwa Anti ba ta bar ni na ɗau ko takalmin kirki ba."

Sufeto ya dubi ƙafafunsa. Silifa ne, kowace ƙafa da launinta.

"Wato duk wanda ya yi aikin nan, da kibod mai waya ya zo."

"Tabbas."

Sufeto ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya leƙa bayan injin. Kowace kafa da wayarta a soke, sai guda ɗaya da ke fanko. Wata waya kuma tana kwance a ƙasa.

"Wannan ta mece ce?"

"Ta firinta ce," in ji Anti. "Au, wa ya cire ta? Jiya da dare a soke na bar ta."

"Injiniya, in kai ka cire waya, kana mantawa ka mayar?"

"Ni? Ai da na daɗe da rufe shago."

Sufeto ya sa aka sake kunna kwamfutar. Ya tuna cewa da aka kunna ta da farko, hoton hagu ne ke da haske a kewaye.

"Me ya sa ta haska na hagu ɗazu?"

"Tana tuna ɗakin da aka shiga na ƙarshe."

Anti ta juyo a hankali. "Baban yara ya ce mini rabonsa da ita tun makon jiya."

Aka kira shi a waya. Ya iso yana haki, da rigar aiki ta kamfanin ruwa, wani ƙaton mutum mai fuskar yara.

"Malam, ka shigo nan yau?"

"Ni? A'a. Daga gida sai wurin aiki."

"Kwamfuta ta ce an shiga ɗakinka."

Ya dubi kwamfutar kamar abokin da ya ci amanarsa. Ya dubi matarsa. Ya sauke murya.

"Minti kaɗan ne, yallaɓai. Wasan jiya ne ban gani ba, na ce bari in kalli ƙwallayen kafin in wuce. Ita ta hana ni kallo a nan, wai ina cinye mata data."

"Za mu yi wannan maganar a gida," in ji Anti, murya a sanyaye.

"Kai ka buɗe shagon?" in ji Sufeto.

"A buɗe na same shi. Kawu ya riga ni. Yana fitowa daga nan ciki ma muka yi kiciɓis, gumi ya jiƙa shi, ya ce shara yake yi."

"Ya saba zuwa da wuri haka?"

"Kawu? Sai rana ta take. Abin da ya fi ba ni mamaki, yau ban ji ƙas-ƙas ɗinsa ba."

"Wane ƙas-ƙas?"

Anti ce ta amsa, kuma muryarta ta fara canzawa. "Akawu ne shi kafin ya yi ritaya, mai buga takardu. Yana da wani tsohon kibod da ya taho da shi daga ofis. Ba a haɗe yake da komai ba. Yini yake yana buga shi a kan kanta, wai kada yatsunsa su mutu."

"Kibod ɗin yana da waya?" in ji Sufeto.

Injiniya ne ya fara murmushi, ya kuma yi saurin gimtse shi.

Sufeto ya ji ba daɗi, don dattijon ya kwanta masa a rai tun kallon farko. Amma aiki aiki ne. Ya fita gaba, ya jawo kujera ya zauna kusa da shi.

"Kawu, aron kibod muka zo."

"Wane kibod? Ai ya ɓata tuntuni."

"Ash. To shi ke nan, bidiyon yara ya tafi. Injiniya kuma zai kwana a wurinmu. Ni abin da ya ɗaure mini kai, yaya mutum zai canza kalma a baƙin allon nan bai yi kuskure ba?"

"Ai sau biyu ake bugawa," in ji Kawu. "Tunda ba ta nuna abin da kake rubutawa, ko ɗigo."

Sufeto ya zuba masa ido. Kawu ya kawar da kai.

"Wanda bai iya kunna kwamfuta ba," in ji Sufeto a hankali.

Kofur ya sunkuya ƙarƙashin kanta. Bayan wani kwalin firam ya zaro kibod ɗin, an naɗe shi da tsohon tawul, haruffansa duk sun goge saboda bugu.

Suka koma ciki gaba ɗaya. Injiniya ya soka wayar a kafar da ke fanko.

"Watan jiya da Anti ta manta kalmarta, na bi ta ƙofar gyara," in ji shi. "Kawu ne ya kawo mini ruwa, ya tsaya a bayana."

"Yatsunka na kalla," in ji Kawu, kansa a ƙasa. "Akawu in ya ga yatsu sau ɗaya ya haddace. Amma na rantse muku, abin ya fi ƙarfina. Na sa sabuwar kalma, sai na ji motsin mijinta a waje, na fizge kibod ɗina na fito. Da ya tafi na dawo na buga kalmar a wannan marar wayar, ta ƙi. Kalmar da ni na sa da hannuna. Na buga, na buga, ta ƙi."

Sufeto ya ɗan yi tunani. "Injiniya, gwada mana haruffan tsohon nan ɗaya bayan ɗaya, a inda za mu gani."

Injiniya ya bi su a gurbin suna. Kowane ya fito, sai guda ɗaya. Ya danna shi, ya sake dannawa da ƙarfi. Babu komai.

"Harafin K ya mutu."

"Ƙarya ne," in ji Kawu, ransa a ɓace. "Kullum ina buga shi."

"Kana buga shi ba a haɗe da komai ba, Kawu. Wa zai gaya maka ya mutu? Kalmar taka akwai K a ciki?"

"Har biyu."

"To kwamfuta ba ta taɓa jin su ba. Zauna ka buga ta a naka."

Dattijon ya zauna a gaban ɗakin Anti. Yatsunsa suka wuce kamar walƙiya, har Sufeto ya ji kishi. Fuskar ta buɗe. Ga aikin Anti nan reras, ba abin da ya taɓa shi.

Anti ta saki wata doguwar ajiyar zuciya ta dafa bango. Sannan ta juya wurin Injiniya.

"Ka yafe mini. Zan saya maka riga."

"Da silifa," in ji shi.

"Saura dalili," in ji Sufeto. "Kawu, me kake nema a ciki?"

Dattijon ya daɗe yana murza hularsa.

"Tseren nan. Ban ci shi da gaskiya ba. Dab da layi wani tela ya zo zai wuce ni, na kama bayan rigarsa na ja. Ba wanda ya lura, shi ma ya zaci tuntuɓe ya yi. Daga baya na tuna 'yar nan tana tsaye a bayanmu da kyamara. Yau za a haska shi a bango, gaban duk makaranta. Jikana ya gaya wa kowa kakansa ya fi iska gudu, har kujera ya kama mini a layin gaba. Wurin kawai na so in goge, ba aikinta ba."

Kofur ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Mijin Anti ya toshe baki da hannu.

Anti ba ta yi dariya ba. Ta matsa ta buɗe bidiyon, ta ja shi zuwa tseren iyaye. Ga Kawu yana gudu, gemu a iska. Sai hoton ya koma kan yara suna tsalle suna tafi, da ya dawo kuma Kawu ya riga ya tsallake layi.

"Tun ranar na gani, Kawu," in ji ta. "A ranar na yanke shi. Kai ka riƙe ni bayan rasuwar Baba. Ka zaci zan haska ka a bango mutane su yi maka dariya?"

Idanun Kawu suka kawo ruwa, ya share da hular.

"Da ka tambaye ni kawai," in ji ta.

"Kunya ce, 'yata."

Sufeto ya yi gyaran murya. "An riga an shigar da ƙara, kuma an ja mutum a titi ta kwala. Kawu, sai ka biyo mu ka ba da bayani, ka kuma ba Injiniya haƙuri a gaban kanta. In Anti ta janye, shi ke nan."

"Zan janye," in ji ta. "Amma sai na kai bidiyo tukuna. Ya ɗan zauna ya ji yadda benci yake."

Dattijon ya miƙe, ya sa hularsa. A bakin ƙofa ya tsaya.

"Zan gaya wa yaron da bakina. Telan ma zan neme shi. Amma don Allah, ɗana, a sallame ni kafin la'asar, kada kujerar nan ta zauna ba kowa."

"To ɗaga ƙafa mu je," in ji Sufeto. Ya fara yin gaba, sai ya tsaya, ya waiwayo ya dubi hannun dattijon, ya koma gefe.

"A'a, Kawu. Kai wuce gaba. Rigar nan ita kaɗai gare ni mai guga."