Gudumar da Aka Ajiye a But

Waifa, abin share gilashin mota, kawai Dogo ya zo saye ranar da ya fara shiga shagon kayan mota na Baba. Auta, 'yar mai shagon, ta ɗora masa waifar a kan kanta, ta haɗa da wata 'yar guduma ja mai tsini, da reza a gindinta.

"Ban tambayi wannan ba, ranki ya daɗe."

"Na sani. Tsinin na fasa gilashi ne, rezar ta yanke bel ɗin kujera ce. A ina za ka ajiye ta?"

"A but mana, kusa da jak."

Murmushinta ya ɗauke. Ta janye gudumar.

"To bar ta. In ruwa ya rufe ka, wa zai miƙo maka ita daga but?"

Dogo direban bas ne mai ji da kansa, amma ranar sai da ya roƙe ta kafin ta ba shi gudumar. Cikin wata guda sai da ya sayi waifa sau huɗu, alhali ko yayyafi ba a yi. Ita kuwa kullum karatu ɗaya take maimaita masa: bel tukuna, sannan taga. Kada ya daki gilashin gaba, kusurwar na gefe ake duka.

Wata rana ya turo mata saƙo: "Fitilata, na ɗaure gudumar kusa da giya. Duk sanda na kai hannu, ke nake tunawa."

Ta amsa: "Allah ya sa kada ka taɓa buƙatarta, Dogona."

Da maganar aure ta kai kunnen Baba, sai ya rufe ido.

"Ba direba ba. Ga malamin makarantar can yana sonki, da ƙafa yake zuwa aiki."

Dogo ya ɗauka sana'arsa aka raina. Ya yi fushi, sati biyu bai leƙo ba. Auta ta rame, abin tausayi, har ta gaji ta rubuta masa abin da ba a faɗa a gidansu:

"Ba raina ka Baba ya yi ba. Shekara uku ke nan motar Yayana ta faɗa kogi daga kan gada. Bel ya ƙi buɗewa, a cikin ruwan ya rasu. Yana da guduma, Baba ne ya ba shi. Baba ne kuma ya sa ta a but da hannunsa, don kada ta ɓata."

Da sassafe Dogo ya tsayar da bas ɗinsa a ƙofar shago.

"Baba, don Allah ka duba min wani abu."

Baba ya buɗe ƙofar bas ɗin, ya ga gudumar ɗaure kusa da giya.

"Wa ya ce ka sa ta nan?"

"Auta ce, Baba."

Tsohon ya hau kujerar direba, ya ɗaura bel, ya miƙa hannu. Yatsunsa suka kama gudumar. Ya sake ta, ya ƙara miƙawa, suka ƙara kamawa. Sai ya kifa kansa a kan sitiyari, ya yi kukan da ya shekara uku yana haɗiyewa.

Ranar da aka ɗaura aure, Auta ta shiga gaban bas kusa da angonta. Baba ya zo da wata tsohuwar guduma da tsatsa ta ci, ya durƙusa, ya ɗaure ta a gefen kujerarta.

"Ta yayanki ce. Ga inda ya kamata na sa ta."

Ya rufe mata ƙofa a hankali.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo min da ku."