Dariyar da Ba a Yanke Ba

Ranar Lahadi ce ruwa ya tsuge a kasuwar Iztapalapa, kowa ya nemi wurin fakewa. Rumfar Efraín ita ce mafi ƙanƙanta, amma nan wata budurwa ta faɗo da kwandon tumatir, gashinta na ɗiga.

Efraín bai yi nisa a makaranta ba. Ya taɓa wankin mota, ya taɓa kwandastan bas, bai zauna wuri ɗaya ba sai da ya kama sayar da tsofaffin finafinan tsoro, irin waɗanda aka yi da abin da ya samu: mahaukacin likita cikin kwalabe masu hayaƙi, da mutumin da ke rikiɗa kyarkeci idan wata ya cika. Son su yake har ransa.

Ta dubi hotunan da ke rataye, ta taɓe baki.

"Wai akwai mai sayen wannan shirmen?"

"Akwai mana. Ni."

"Kai fa kake sayarwa."

"Shi ya sa kasuwar ba ta ci."

Ta yi dariya, ta kare baki da bayan hannu, kafaɗunta na rawa. Sunanta Citlali. Kafin ruwa ya ɗauke, lambarta ta shiga wayarsa, ita kuma ta shiga zuciyarsa, inda ba a fita. Daga nan saƙonni suka fara kai-komo tsakaninsu.

"Tauraruwata, yau an dawo min da wani fim wai bai ba da tsoro ba. Na ce su zo su ga fuskata in ba ki amsa saƙona ba."

"Sarkin shirme. Ka ci abinci? Na ajiye maka tamal, alalen masara, in ka makara kyanwa ta gaje ka."

Abu ɗaya ta roƙe shi da magana ta yi nisa: kada ya ambaci fim a gaban mahaifinta. Bai tambayi dalili ba, ya ɗauka tsoho ne mai tsananin addini.

Ranar neman aure ya zo da mahaifiyarsa da kawunsa, ɗauke da kwandon al'ada: burodi, 'ya'yan itace, kyandir da kwalbar giyar mezkal. Mahaifin Citlali, Don Leandro, ya fito daga ƙuryar ɗaki yana jan ƙafar hagu, kafaɗa ɗaya a karkace, kumatunsa duk tabo kamar na ƙuna.

Efraín ya san wannan tafiyar. Ya gan ta a fim tana fitowa daga bayan kaburburan kwali tun yana ƙarami. Bai san lokacin da ya miƙe ba.

"Kai ne! Na rantse kai ne kyarkecin! Mama, shi ne!"

Murna ta ɗebe shi har ya ɗaga kai ya yi kukan kyarkeci, kamar yadda masoya finafinan ke gaisawa.

Citlali ta sunkuyar da kai.

"Citlali," in ji tsohon a hankali, "mayar musu da kwandonsu."

Kwandon da aka mayar ba ya buƙatar bayani. Tun kafin su kai bakin titi, gwaggon Citlali, Hermelinda, ta fara maganar Gilberto, mai kantin magani, wanda ya daɗe yana aiko wa tsohon maganin tari kyauta.

"Wannan yana sayar da lafiya, wancan yana sayar da dodanni. Ke ki zaɓa."

Saƙon Citlali ya iso da yamma.

"Abu ɗaya na roƙe ka. Ashe kai ma kallo ka zo yi, kamar sauran. Kada ka ƙara kirana."

Ya yi ta kira ba ta ɗauka. Ya daina buɗe rumfa. Sai wata safiya ya tare ta a matakalar coci, ya rame kamar kara.

"Ki zage ni, amma ki faɗa min abin da na taka."

Ta tsaya ta faɗa masa.

"Mahaifiyata, Amparo, ita ke manna wa Baba gashin kyarkecin a fuska. Ranar ba ta da lafiya, ba ta je ba. Gam ɗin kirki ya ƙare, suka sa masa na masu gyaran takalmi. Ana cikin ɗauka aka ce ta yanke jiki ta faɗi. Ya ruga asibiti a yadda yake. Masu gadi suka yi ta dariya, suka ce mashayi ne, suka hana shi shiga. A bakin ƙofa ya yage gashin, har da fatar. Kafin ya isa gadonta an rufa mata ƙyalle."

Efraín ya zauna a kan matakalar.

"Ya dawo gida ya ƙona duk abin da ya shafi wancan zamani," ta ce. "Har hotunanta, don duk a wurin aiki aka ɗauke su. Ban ma fara wayo ba. Ban san fuskar uwata ba, Efraín. Kai kuma ka zo ɗakinmu ka yi masa kukan kyarkeci."

Ta wuce, bai bi ta ba.

Ya koma rumfa ya tattara duk faifan da Don Leandro ya fito a ciki, da niyyar ƙonawa. Zuciya ta ce ya kalli ɗaya ya yi bankwana. Ya sa wanda ya fi so, wanda a cikinsa kyarkeci ke fasa ɗakin gwajin likita, bangon kwali ya kife gaba ɗaya. Masu irin waɗannan finafinai ba sa sake ɗauka. In bango ya faɗi ya faɗi ke nan, haka za a kai shi sinima. Efraín ya sha yi wa wurin dariya.

Wannan karon bai yi ba. A bayan bangon akwai wata mace tsaye da gwangwanin gam a hannu. Ta kare baki da bayan hannu, kafaɗunta na rawa.

Ya tsayar da hoton, ya fashe da kuka.

Da hantsi ya ɗauki ƙaramar talabijin ɗinsa a ka har ƙofar gidan. Gwaggo Hermelinda ta tare shi da tsintsiya.

"Dodo ya dawo! Gilberto ya fi ka ko a tafiya."

"Na sani, Doña. Ban zo neman aure ba." Ya ɗaga murya don na ciki ya ji. "Don Leandro, na kawo wa Citlali abin da yake nata ne. In ta karɓa zan tafi, ba za ka sake ganina ba."

Tari ya fito daga ɗaki, sannan murya: "Bar shi."

Ya jona talabijin ɗin, ya kai fim ɗin daidai wurin. Bango ya faɗi. Tsohon, wanda idonsa ya yi rauni, ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin.

"Amparo," ya ce.

Citlali ta durƙusa. Ta ɗora yatsa a kan fuskar da ke rawa cikin hasken.

"Mayar baya," ta ce. Ya mayar. "Sake." Ya sake. Babu wanda ya ƙirga.

"Ni take yi wa dariya," in ji Don Leandro, hawaye na bin tabon kumatunsa. "Ƙafar nan ce ta harɗe igiyar bangon. Har muka isa gida tana tsokanata." Ya juya ga 'yarsa. "Na ƙona komai don in manta da ranar nan, ashe har da ita na ƙona miki. Yafe min, 'yata."

Efraín ya lallaɓa zai fita, ya bar musu talabijin ɗin.

"Kai, mai dodanni. Ina kwandon nan?"

"Mun cinye burodin, Don Leandro."

"To a sake cika shi."

An ɗaura auren kafin damina ta ƙare, don tarin tsohon ya ƙi jin magani, kowa kuma ya san abin da ke tafe ko da ba a faɗa ba. A kujera aka kai shi coci, fitarsa ta ƙarshe ke nan. Gwaggo Hermelinda da kanta ta rataya wa ango da amarya igiyar aure a kafaɗa bisa al'adarsu, tana kuka tana cewa hayaƙin kyandir ne.

Suka durƙusa gaban Don Leandro. Ya zana musu gicciye a goshi da yatsa, ya jawo kunnen Efraín.

"Kukan nan da ka yi min, ba haka ake yi ba. Ka zama kamar akuya."

Efraín ya yi dariya cikin hawaye. Citlali ma ta yi, ta kare baki da bayan hannu. Tsohon ya daɗe yana kallonta, sannan ya haɗa hannuwansu cikin nasa.

"Ni ba zan daɗe ba, 'ya'yana. Allah ya yi muku albarka. Bango kam zai faɗi, a kowane gida yana faɗuwa. Allah ya sa in naku ya faɗi, dariya za a tarar a bayansa."