Harsashin da Kafaɗarsa Ta Nutse

A kasuwar Darra ba mai waiwaya don ya ji ƙarar bindiga. Duk wanda ya sayi ƙaramar bindiga, wato fistol, sai ya fito bakin shago ya gwada ta sama. Ihun da ya biyo bayan harbin wannan rana ne ya sa aka kira Sufeto Shamroz.

Ya tarar da gawar wani direba mai suna Zarmast a ƙofar shagon Usta Nekmat, maƙerin bindiga. Fistol ɗin da ya saya ta fashe a hannunsa, ɓarɓashin ƙarfe ya shiga wuyansa. 'Yan'uwan mamacin sun yi cirko-cirko a tsallaken titi, kowa da bindiga a kafaɗa.

"Yallaɓai, ka gama rubuce-rubucenka," in ji babbansu. "Muna binne shi, tsohon nan zai bi shi."

Shamroz ya san ba cika baki ba ne. Ya shige shagon.

"Usta, wane harsashi ka ba shi?"

"Na kamfani ne, sabo fil."

"Ke nan bindigarka ce ta kashe shi?"

"In ka ce haka, haka ne."

Abin ya ɗaure wa Shamroz kai. Maƙerin Darra ya gwammace a zagi ubansa da a kushe aikinsa, amma ga wannan ya amsa laifi ko gardama babu. Ruwa ba ya tsami banza.

Ya zare sauran harsasan daga gidan harsashin fistol ɗin, ya jera su kusa da nasa na gwamnati. Irin masu wuyan kwalba ne. Mahaifin Shamroz ma da sana'ar cika harsasai ya ci abinci, don haka kallo ɗaya ya ishe shi. Tsofaffin kwansuna ne aka sake cikawa. Kafaɗarsu ta nutse, kawunansu sun lume ciki: wani ya sauke ƙarfen injin matse harsashi ya zarce wurinsa. Irin wannan harsashi kan fasa bindiga.

Mai shayin da ke gefe ya fara da rantsuwar bai ga komai ba.

"Kai da ko kaza ta wuce sai ka san mai ita?" in ji Shamroz.

Mutumin ya sosa ƙeya. "To, Usta a wurin ɗansa Gulzaman yake karɓar harsashi. Amma ba a bakina ka ji ba."

Gulzaman na da ɗan shago a lungu, inda yake cika harsasai. Ya tarbi sufeto da fara'ar da ta yi yawa, hannun damansa cikin mayafi.

"Rabona da yin masu wuyan kwalba tun kafin azumi, Yallaɓai."

Shamroz ya duƙa gaban injin. Ƙarfen masu wuyan kwalba ne a kai, zoben da ke riƙe shi kuma duk sabon karcen sifana.

"Aljanu ne suka gyara maka saiti yau? Miƙo hannu mu gaisa."

Gulzaman ya fito da hannun. Yatsun a naɗe suke da tsumma, bayan hannun duk ɗigon ƙunar albarushi.

"Ashe ka gwada, ya fashe maka."

"Zoben ne ya kwance ban lura ba," in ji Gulzaman. "Sai da na cika akwati guda. Na ga asarar ta yi yawa, na ce ai ba duka ne za su fashe ba."

Ran Shamroz ya ɓaci. Kuskure kowa na yi, amma wannan ya sani sarai, ya ɗauki akwatin ya kai wa mahaifinsa.

"Ka san babanka na can yana jiran a harbe shi a madadinka?"

Gulzaman ya fashe da kuka. Aka sa masa ankwa.

Shamroz ya bi da shi ta tsakiyar kasuwa, ya nuna wa 'yan'uwan mamacin hannun da harsasan, ya ce sauran magana sai a kotu. Babbansu ya daɗe yana kallo, sannan ya sauke bindigarsa.

Usta Nekmat ya biyo motar 'yan sanda har bakin titi, ko takalmi babu.

"Ɗana, wa ya aike ka?" ya ce wa sufeto. "Ni na tsufa, ai da ka bar su sun ɗauke ni."

Shamroz ya ce wa direba ya ja mota.